Gudu Yana da Filinsa

    Sharhinmu na yau a kan babur ne, a kan gudu. Za mu leƙa Turai mu ga wani tsere, sannan mu dawo gida Kano mu dubi titinmu. Magana ɗaya nake so ta zauna mana: gudu yana da filinsa, kuma titin unguwa ba shi ne filin ba.

Bari mu fara da wasan kansa.

Akwai wani tseren babur da ake yi a Turai da Ostireliya, masu shi suna kiransa sifidwe. Babur ɗin ba shi da birki. Ba lalacewa birkin ya yi ba, tun wajen ƙira ba a sa masa ba. Giyarsa ɗaya. Ba ya shan fetur, wani sinadari yake sha da ake kira metanol. Girman injinsa ya ninka na babur ɗin Boxer da muka sani sau biyar, ga shi kuma ba shi da nauyi. Filin zagayayye ne mai ɗan tsawo, babu kwalta, ƙasa ce da ɓarɓashin dutse. Mutum huɗu ne ke tashi a lokaci guda. Kowa da launin hularsa: ja, shuɗi, fari, rawaya. Zagaye huɗu za su yi, kuma cikin kamar minti ɗaya an gama.

To yaya mutum zai sha kwana ba birki, yana gudun da ya haura kilomita 100 a awa? Nan gwanintar take. Idan ya doshi kwana sai ya kwantar da babur ɗin hagu. Tayar baya ta zame ta yi waje, ta gaba tana kallon wani wurin. Ya sauke ƙafarsa ta hagu, wadda ke sanye da takalmin ƙarfe, tana gogar ƙasa. Ƙasa na tashi a bayansa tana watsuwa a fuskar mai bin sa. Da totur yake ragewa, da totur yake ƙarawa, da nauyin jikinsa yake juyawa. Wanda ya gani sau ɗaya zai yarda cewa aiki ne na shekaru, ba na rana ɗaya ba.

Wasan ya tsufa. Yawanci ana danganta farkonsa da garin Maitland na Ostireliya, a shekarar 1923. Ya shiga Ingila a 1928. An yi gasar duniya ta farko a filin Wembley na Landan a 1936, wani ɗan Ostireliya mai suna Lionel Van Praag ya lashe. Shekaru da dama a dare ɗaya ake fitar da zakara. Daga 1995 aka sauya tsari. Aka mayar da ita kaka guda, ana yawo ƙasa-ƙasa, ana tara maki tun daga bazara har ƙarshen shekarar wasa. A yau cibiyar wasan ita ce ƙasar Polan, inda dubban mutane ke cika fili duk mako don kallon ƙungiyar garinsu.

Yanzu ku biyo ni mu shiga kaka guda, ta shekarar 2023. Na zaɓe ta ne saboda wani abu da ya faru a cikinta.

Zango goma aka yi a wannan shekarar. An buɗe a ƙasar Kuroshiya, aka bi ta Warsaw da Prague da Cardiff da sauransu, aka rufe a garin Torun na Polan. Wanda kowa ke kallo shi ne Bartosz Zmarzlik, ɗan Polan, yana da shekara 28 a lokacin, kuma ya riga ya zama zakaran duniya sau uku. Shi ya lashe zangon farko. Ya ci gaba da lashewa. Kafin a kai zango na tara ya ba mai bi masa, Fredrik Lindgren ɗan Suwidin, ratar maki 24. Kowa ya ɗauka magana ta ƙare.

Sai aka je garin Vojens na ƙasar Denmak. A wajen gwajin share fage, kafin wasan dare, Zmarzlik ya fito da rigar tsere wadda ba ta dace da ƙa'idar gasar ba. Riga kawai. Bai bangaje kowa ba, bai yi maguɗi a inji ba. Alƙalai suka zauna, suka duba littafin doka, suka ce ba zai yi wasan wannan dare ba. Zakaran duniya, wanda jama'a suka biya kuɗi don su gani, aka mayar da shi ɗan kallo. Lindgren ya yi amfani da damar, ratar ta dawo maki shida.

Mutane da yawa sun ce hukuncin ya yi tsauri. Ni ma ina ganin ya yi tsauri. Amma ku lura da abin da ya biyo baya. Magoya bayansa ba su fasa fili ba. Shi kuma bai ce ya fi ƙarfin doka ba. Ya koma gida ya shirya, ya je Torun, ya lashe zangon ƙarshe, ya ɗauki kambunsa na huɗu da ratar maki takwas. A shekarar da ta biyo ya ƙara na biyar.

Masu sauraro, ga inda nake so mu tsaya mu yi tunani. Babur ɗin nan ba shi da birki, amma duk abin da ke kewaye da shi birki ne. Dokar da ta iya zaunar da zakaran duniya a kan riga, ita ce ke tsare ransa a kwana.

Bari in nuna muku. Kowane mahayi yana da igiya ɗaure a wuyan hannunsa, haɗe da inji. Da ya faɗi, igiyar ta fizge, inji ya mutu. A kwanonin filin an jera katifun iska a jikin shinge, don wanda ya kauce ya faɗa kan abu mai laushi. Ba a fara wasa sai likita da motar asibiti suna wurin. Alƙali na zaune a sama, hannunsa a kan maɓallin jar fitila. Da wani ya faɗi a wuri mai haɗari, fitila ta kama, kowa ya sassauta. Wanda ya jawo faɗuwar a fitar da shi. Wanda ya yi gaggawa ya taɓa igiyar tashi kafin a ɗaga ta, shi ma a fitar da shi. Kowa hanya ɗaya yake bi, babu mai zuwa ta gaba. Babu yaro mai tsallaka fili. Babu akuya, babu mai kura, babu tsohuwa da sanda. Ana kuma gwada mahaya ko sun sha wani abu. A 2014 an dakatar da Darcy Ward, ɗan Ostireliya, ɗaya daga cikin matasan da suka fi kowa baiwa a lokacin, na tsawon wata goma saboda ya faɗi gwajin barasa a ranar gasa.

Duk da haka, kada in ɓoye muku, wasan yana cin mutane. Lee Richardson ɗan Ingila ya rasu a 2012 bayan faɗuwa a filin Wroclaw. Shi wannan Darcy Ward, bayan ya dawo daga dakatarwa, ya faɗi a watan Agustan 2015 a Polan, ya samu rauni a laka, bai sake takawa ba. Wannan fa da hular kwano, da rigar kariya, da katifar iska, da likita a gefe. To ina ga wanda ya tashi da silifas da 'yar shara a kan kwalta?

Wannan tambayar ce ta dawo da mu gida.

Duk wanda ya zauna a cikin birni ya san abin da nake nufi. Ranar ɗaurin aure ko daren kai amarya, za ka ji su kafin ka gan su. An cire salansa, ƙara na tsaga kunne. Samari uku a kan babur ɗaya. Wannan ya ɗaga tayar gaba, wancan ya saki hannu, wani ya kwanta a kan sirdi yana jan ƙarfe a kwalta wuta na tashi. Na baya yana riƙe da waya yana ɗauka, don a sa a TikTok. Ana tafi, ana kirari, ana cewa wane ba ya tsoro. Haka ma da yamma, yaron bakanike ya gama gyara, ya ce bari ya gwada, sai ya shiga titi ya buɗe wuta kamar shi kaɗai ne a gari.

Ku tuna yadda lungunan unguwar Yakasai suke. An gina su ne tun kafin a san inji. Wani lungun, idan mai tura ruwa ya shigo, sai ka manna da bango ya wuce. Ƙofar zaure a bakin hanya take. Yaro na fitowa da gudu daga soro, taku biyu ya shiga titi. Da la'asar 'yan Islamiyya na tasowa, hijabi har ƙasa, jaka a rataye, suna hira ba sa waige. Mai ƙosai tana zaune da kaskon mai a kan wuta. Dattijo na lallaɓawa zuwa masallaci. Mahayin Turai ya sa hannu a takarda ya yarda da haɗarin da ya ɗauka. Yarinyar nan mai hijabi ba ta sa hannu a komai ba. Wannan shi ne bambancin, kuma shi ne ya fi damuna. Mai ganganci a titi ba da ransa kaɗai yake wasa ba.

Asibitin Murtala yana nan kusa da mu, ba sai an hau mota ba. Asibitin ƙashi na Dala yana nan. Masu ɗori na gargajiya suna nan a unguwanni. Ku tambayi duk wanda ya taɓa jinyar karaya. Zai gaya muku yadda ake sayar da babur ɗin, a sayar da ɗan kunnen uwa, a shiga bashi. Zai gaya muku cewa masu tafin nan kwana biyu suke zuwa dubiya. Uwa ce ke kwana a ƙasa kusa da gado.

Yanzu bari mu juya ga abin da aka gwada a baya, domin ba yau hukuma ta fara fama da babur ba.

Ranar 1 ga Janairun 2009, hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano. Manya za su tuna. Wasu 'yan acaɓa suka kifa ƙwarya a ka, wasu robar fenti. Jita-jita ta bazu cewa ana yin asiri da hular, fasinja suka ƙi sawa. Aka yi kame na ɗan lokaci, sannan maganar ta bi ruwa. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnatin jiha ta hana acaɓa a cikin birnin Kano. Adaidaita sahu ta maye gurbi. Wancan mataki na tsaro ne, kuma ya sauya fuskar titunanmu. Amma babur bai bar gari ba. Yana nan a kowane gida, shi ne abin hawan ɗalibi da ɗan kasuwa da malami. 'Yan sanda kuma sun sha fitar da sanarwar hana tseren mota da wasan babur da kilisa a kan titi. A kama wasu, a lafa, sallah ta zo ko biki ya taso, a koma.

Me ya sa ake komawa? Ga fahimtata. Saurayi yana da jini a jika, yana son a san shi da wani abu. Wannan ba laifi ba ne, halitta ce. Idan ka ce masa kada ya yi a nan, ba ka nuna masa inda zai yi ba, rabin magana ka faɗa. Hani yana da muhimmanci, ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari. Amma hani kaɗai ba ya kashe sha'awa, sai dai ya tura ta dare, ya tura ta bayan gari, inda babu mai gani balle mai ceto.

Kuma Kano ba baƙuwar wannan hikima ba ce. Wannan gari na doki ne. Iyayenmu sun san doki yana da gudu, shi ya sa aka ware filin sukuwa a Nassarawa, aka ware filin folo. Ko a hawan sallah, dubi yadda ake jafi a Ƙofar Kudu. Mahaya su sako dawaki a guje, su ja linzami su tsaya cak a gaban Sarki. Gudu ne na gaske, amma da lokacinsa, da wurinsa, da dogarai masu buɗe hanya, kuma kowace tawaga ta san layinta. Ku leƙa maƙwabtanmu na Nijar. Tun 1975 suke gasar kokawa ta ƙasa, ana yawo da ita jiha-jiha, da alƙalai, da ƙa'ida, zakara ya ɗauki takobi. Ƙarfin da zai iya zama faɗan unguwa, sun mayar da shi abin alfaharin ƙasa. Ba mu buƙatar Bature ya koya mana cewa gudu yana da filinsa. Mun san wannan a kan doki. A kan babur ne muka yi sakaci.

Saboda haka ga shawarata, kuma a fili zan faɗe ta. A samar wa matasan Kano filin tseren babur, a wajen gari, nesa da gidaje. Ba ina cewa a kawo baburan Turai masu tsada ba. Irin wannan fili ba ya son kwalta, ƙasa yake so, ƙasa kuwa muna da ita. Fili ne, da shinge, da tsofaffin tayoyi a kwana, da tankar ruwa don kwantar da ƙura. A yi rajista. Ba hular kwano, ba shiga. Ba takalmi da rigar kariya, ba shiga. Yaro ƙarami sai da izinin mahaifi, kuma a ƙaramin inji, kamar yadda ake yi a can, inda yara ke farawa da ƙananan babura a hannun mai koyarwa kafin su kai ga manya. A gwada kowa ko ya sha ƙwaya. Motar asibiti ta tsaya kafin a tayar da inji. Sai a sa doka mai haƙori: duk wanda aka kama yana wasa a titi, a soke rajistarsa na shekara. Wanda ke da suna a fili zai ji tsoron rasa shi.

Na san akwai masu ja, kuma ina girmama su. Bari in ɗauki hujjojinsu.

Wani dattijo zai ce, ai wannan koya wa yara ganganci ne. Baba, yaran sun riga sun koya, a waya suke gani kullum. Abin da ba su koya ba shi ne ƙa'ida. Malamanmu kullum suna tuna mana cewa rai amana ne, kuma cutar da maƙwabci haramun ne. To wanne ya fi kusa da kiyaye amana: yaro da hula a fili gaban likita, ko yaro ba hula a bakin Kasuwar Rimi ranar cunkoso?

Wani zai ce, gwamnati ba ta gama da makarantu da asibitoci da ruwan sha ba, ina ita ina filin wasa? Wannan magana ce mai nauyi, kuma na yarda waɗancan su ne gaba. Shi ya sa ban ce a ɗauko kuɗin magani a zuba a nan ba. Gwamnati ta ba da fili, ta kafa doka. Dillalan babura da masu sayar da kayan gyara da kamfanonin mai, waɗanda ke cin riba da matasan nan kullum, su ɗauki nauyin sauran. Kuma kowace karaya da aka kauce wa, gado ne aka bar wa wani mara lafiya.

Wani kuma zai ce, ko an yi filin, wasu ba za su je ba. Gaskiya ne. Akwai wanda burinsa shi ne ya tsorata jama'a, ba ya gwada gwaninta ba. Wannan nasa na 'yan sanda da hukumar kula da zirga-zirga ta KAROTA ne, kuma kada wani babba ya ɗaga waya ya ce a sake shi don ɗan wane ne. Ku tuna Vojens. An zaunar da zakaran duniya, babu wayar da ta tashe shi. Ranar da dokar titinmu ta yi wa ɗan mai kuɗi da ɗan talaka hukunci iri ɗaya, ranar za a fara jin tsoronta.

Akwai kuma wata riba da ba a cika ambata ba. Bayan kowane mahayi a waccan gasa akwai makanikai da masu gyaran inji, kuma sana'a ce mai daraja. Mu ma muna da yaran da ke kwance injin babur su mayar da shi kafin shayi ya huce, a gindin bishiya, da sifana uku. Da akwai gasa, da wannan hannu ya samu inda za a gan shi, a biya shi.

Amma kafin a samu fili, ko da ba a samu ba, akwai abin da ke hannunmu yau. Gudu yana da filinsa, kuma lungun Yakasai ba shi ne ba.

Iyaye, idan kun saya wa yaro babur, ku haɗa masa da hular kwano a rana ɗaya. Idan kun ji ƙarar babur ɗinsa ta sauya, ku tambaye shi ina salansa. Masu unguwanni da limamai, ku sa maganar nan cikin sanarwar ɗaurin aure. Ango, ka gaya wa abokanka tun kafin ranar cewa ba ka son wasan babur a bikinka, domin babu angon da ke son a tuna ranar aurensa da gawa. Iyayen gida a gareji, ku san inda yaranku ke gwada babur. 'Yan mata da samari masu tafi da masu ɗauka a waya, ku daina, domin tafinku ne man da yake sha.

Kai kuma ƙanena mai babur, da kai nake. Ban raina gwanintarka ba, na san ba kowa ke iya abin da kake yi ba. Ku haɗu, ku kafa ƙungiya, ku je wurin mai unguwa da hukumar wasanni ta jiha ku nemi fili da sunanku. Za ku samu masu mara muku baya, ni ma ina ciki. Amma yau da yamma, idan ka shigo unguwa, ka sassauta totur, ka sa hularka, ka bar 'yan makaranta su wuce.

 Allah ya tsare mu da iyalanmu a kan hanya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.